Waiwaye: Yadda Najeriya ta fara karanta ƙwayoyin cututtukanta da hannunta

A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Laura Wine, ta kwanta da zazzaɓi a asibitin mishan da ke garin Lassa, kudancin jihar Borno ta yau. Aka kai ta Jos, ta cika a can. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta. Ta ukunsu, Penny Pinneo, aka ɗauke ta a jirgi zuwa Amurka ta warke, kuma a jami'ar Yale ne aka gano cewa ƙwayar cutar sabuwa ce, aka laƙaba mata sunan garin. Haka lamarin ya ci gaba da tafiya shekaru da dama. Cuta ta ɓulla a nan, a ɗebi jini a tura waje, amsa ta dawo bayan an gama binne mutane, ilimin kuwa ya zauna inda aka yi gwajin.

Abin da ake kira karanta tsarin halittar ƙwayar cuta ba ɓoyayyen al'amari ba ne. Kowace ƙwaya tana ɗauke da dogon rubutu na haruffa huɗu da ke maimaituwa. Na Ebola ya kai haruffa kusan 19,000, na korona kusan 30,000. Duk lokacin da ƙwayar ta hayayyafa takan yi ɗan kuskure wajen kwafin rubutun, 'ya'yanta su gaji kuskuren. Wanda ya iya karantawa sai ya jera ƙwayoyin da aka samu a jikin majinyata kamar yadda masanin salsala ke jera dangi, ya ce wannan jikan wancan ne, wancan kuma baƙo ne daga wani gari ya shigo.

Mu a Arewa shan inna ce ta fara nuna mana ƙarfin wannan ilimi. Bayan da aka dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohi a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma da rubutun halittar aka bi sawunta har Yaman da Indunusiya a 2005. A watan Agustan 2016 aka samu yara sun shanye a Gwoza da Jere, bayan shekara biyu ba a ga ƙwayar daji (wato wadda ba daga maganin rigakafi ta samo asali ba) a ƙasar ba. Karatun ya nuna ƙwayar dangin wadda aka gani a Borno a 2011 ce, ke nan ta shekara biyar tana yawo a yankunan da rikici ya hana masu rigakafi shiga. Ɗakunan gwaje-gwaje na Ibadan da Maiduguri ne ke ware ƙwayar daga bayan gidan yara, amma a wancan lokacin karatun ƙarshe a ƙasar waje ake yi, galibi a Atlanta ta Amurka.

Horar da masu bin sawun cuta a fili ya riga horar da masu na'ura. Amurka ta fara nata shirin a 1951. A Afirka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin haɗa sa ido kan cututtuka wuri guda a 1998, shekara biyu bayan sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. A 2008 aka buɗe shirin NFELTP na horar da masu bin sawun cuta a Najeriya, na shekara biyu, tare da jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ibadan. Yana haɗa likitocin mutane da na dabbobi da masu aikin ɗakin gwaji, kuma mafi yawan karatun a bakin aiki ake yinsa. Ɗalibansa sun shiga ƙauyukan Zamfara a 2010 lokacin gubar dalma. Da Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya sauka Legas da Ebola ranar 20 ga Yulin 2014, su da ma'aikatan yaƙi da shan inna ne suka riƙa bin mutane kusan 900 gida gida suna auna zafin jiki. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana Sawyer barin asibiti. Ranar 20 ga Oktoba aka bayyana ƙasar ta kuɓuta. Ina ganin wannan nasara ta ƙafa da takarda da wayar hannu ce fiye da ta kowace na'ura, kuma ya kamata a riƙa tuna hakan duk lokacin da ake rabon kuɗin horo.

A daidai wannan lokaci Farfesa Christian Happi yana kafa ACEGID, cibiyar karanta tsarin halittar ƙwayoyin cuta, a jami'ar Redeemer's, wadda yanzu take Ede a jihar Osun, da tallafin Bankin Duniya da shirin H3Africa mai tallafa wa binciken halitta da lafiya a Afirka, da haɗin gwiwar Pardis Sabeti ta jami'ar Harvard. Manufar ita ce 'yan Afirka su koyi aikin tun daga ɗibar samfur har fassara sakamako. A Kenema ta Saliyo, Augustine Goba ne ya tabbatar da mai Ebola na farko a ƙasar a watan Mayun 2014. An karanta ƙwayoyi 99 daga majinyata 78, amma a Amurka, kusa da Boston, kuma kafin binciken ya fito biyar daga cikin waɗanda suka yi shi sun rasu da cutar, har da Dakta Sheik Humarr Khan. A 2015 aka kai wata 'yar ƙaramar na'ura mai suna MinION ƙasar Gini, wadda ake jona ta da kwamfutar cinya, aka fara samun sakamako cikin kwana ɗaya ko biyu a inda cutar take.

Amfanin ya bayyana a 2018, sa'ad da zazzaɓin Lassa ya yi tashin da ba a saba gani ba. An ji tsoron ko ƙwayar ta sauya ta koma saurin bi daga mutum zuwa mutum. Karatun da aka yi a cikin ƙasa, a Ede da asibitin Irrua na jihar Edo, ya nuna ƙwayoyin ba 'yan gida ɗaya ba ne, yawanci kowane majinyaci daga ɓera ya ɗauko tasa. Wannan amsar ta faɗa wa NCDC, hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya, inda za ta zuba ƙarfinta tun annobar na ci.

Korona ta hanzarta komai. An tabbatar da mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, cikin 'yan kwanaki kuma Najeriya ta fitar da rubutun ƙwayar, na farko daga nahiyar. Kafin annobar ƙasashe 7 kacal cikin 55 na Tarayyar Afirka ke da irin waɗannan na'urori a cibiyoyin lafiyar al'umma. A Oktoban 2020 Africa CDC, hukumar daƙile cututtuka ta Tarayyar Afirka, ta ƙaddamar da shirin dala miliyan 100 na raba na'urori da horar da ma'aikata, kuma zuwa 2022 nahiyar ta haura ƙwayoyi 100,000 da ta karanta. A Nuwamban 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in korona na Omicron suka sanar da duniya nan take. Ladan da suka samu shi ne rufe musu hanyoyin jiragen sama, kuma Birtaniya ta saka Najeriya a jerin ƙasashen da ta rufe wa hanya a watan Disamba. Wannan ya ƙona ran duk wanda ya yi aikin.

Sayen na'ura ya fi raino mai sarrafa ta sauƙi. Na'urar tana zubo miliyoyin guntayen haruffa ne kawai, sai an samu wanda ya san ilimin halitta ya kuma iya rubuta umarnin kwamfuta ya harhaɗa su, irin waɗannan kuwa kaɗan ne. Bita ta mako biyu a otal ba ta samar da su. Wanda ya ƙware kuma, in ba shi da gurbi a tsarin albashin gwamnati, ƙasar waje ko kamfani ke ɗauke shi. Ga sinadaran da ake shigowa da su da dala suna lalacewa in sanyi ya yanke, ga wutar lantarki. Girgizar da tallafin Amurka ya yi a farkon 2025 ta nuna yawan ayyukan da ke tsaye a kan kuɗin baƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne farkon sarƙar. Sabon nau'in sanƙarau na C ya ɓulla a yankin Sakkwato da Kebbi a 2013, rigakafin nau'in A da aka yi wa jama'a bai kare su daga gare shi ba. Ya afka wa Yamai a 2015, kuma a Oslo ta ƙasar Norway aka warware asalinsa. Da ya tashi a Zamfara a ƙarshen 2016, sai a Fabrairun 2017 labari ya isa Abuja, aka ƙare da sama da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu da fiye da 1,100 da suka rasu. Jinkirin ya faru ne tun kafin a kai ga wata na'ura, a wurin ma'aikacin asibitin ƙauye da zai gane alama, da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma da zai cika takarda ya samu man babur, da wanda ya iya ɗibar ruwan laka ya adana shi har ya isa ɗakin gwaji bai lalace ba. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, kowacce tana buƙatar waɗannan mutane a horar da su, a biya su a kan lokaci. Jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri kuma suna buƙatar kwasa-kwasan dindindin na nazarin bayanan halitta, domin mashaƙon da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022 da sanƙarau na kowace bazara a yankinsu suke faruwa.