Banki na da hurumin zargin mutum saboda kamanninsa?

Wace irin wariya ce ake magana a kai?

A ce Bafulatani ya sayar da bijimai biyu a kasuwar Talata Mafara, ya shigo Gusau da kuɗin a jakar buhu zai zuba a asusunsa. Tun daga ƙofa maigadi ya ƙare wa rawaninsa kallo. A kanta kuma sai a ce, "Baba, ɗan koma gefe tukuna." Na bayansa, mai shadda da makullin mota, ya zuba ninkin kuɗin ba a ce masa uffan ba. Bambancinsu shiga ce da harshe.

Ba matsalar Amurka ba ce wannan?

Can ta fi yin suna. A shekarun 1930 hukuma ta riƙa shata jan layi a taswira kan unguwannin baƙar fata, rancen gida ya gagare su, sai a 1968 doka ta haramta. Duk da haka a 2012 bankin Wells Fargo ya amince ya biya dala miliyan 175 kan zargin tsawwala wa baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka kuɗin ruwa. Mu a nan fatarmu ɗaya, sai abin ya koma kan ƙabila da zaman karkara.

To ai doka ce ta ce a yi bincike.

Haka ne. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa banki sanar da NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi, duk hada-hadar mutum ɗaya da ta haura naira miliyan 5, ta kamfani miliyan 10, da duk wadda ta sa shakku. Adadi da yanayin motsin kuɗi dokar ta ambata. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 kuwa ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini.

Ga kuɗin fansa na yawo a Zamfara, laifi ne a yi kaffa-kaffa?

Ba laifi ba ne, kowa ya san abin da muke ciki. Sai dai ɗan bindiga ba ya bin layi a banki. Yana da masu yi masa aike a gari, wasu ma fes da su. Makiyayin da aka dizga kuwa, wanda wataƙila shi ma an kore masa garke, zai koma binne kuɗi a tukunya ko ya dogara da mai POS. Kuɗin sun fita daga idon hukuma ke nan, kuma ban ga ribar da tsaro ya ci ba.

Idan ta faru da mutum fa?

Ya riƙe BVN da NIN ɗinsa, da rasidin kasuwa in akwai. Ya nemi manaja cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a rubuta mini dalili." Ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya karɓi lambar shaida. In mako biyu ya wuce shiru, sai ya kai wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.