Gyara da kula da tirim a ƙananan jiragen sama

Tirim wani ɗan ƙaramin faranti ne dake manne a bayan filafilan jelar jirgi, aikin sa shi ne ya rage wa matuƙi nauyin riƙe sitiyari don kada ya yi ta ja ko turawa har hannun sa ya gaji. A jirgi irin Cessna 172, wanda aka fara ƙerawa a 1956, farantin yana ɓangaren dama na jela, matuƙi kuma yana juya wani wili ne a ƙasa tsakanin kujeru biyu na gaba. Tsofaffin jiragen Piper Cherokee kuwa hannun juyawar a saman kai yake, jikin rufin jirgin.

Daga wilin, kaca ce da kebul suke bi ta cikin jirgin har jela, su juya wani sukuru mai zare, shi kuma ya tura sandar dake motsa farantin. Idan farantin ya yi ƙasa hancin jirgi sama zai yi, in ya yi sama hanci ya yi ƙasa.

Ana duba tirim a binciken shekara-shekara da kuma na awa 100 ga jiragen haya da na koyar da tuƙi. Makaniki yakan bi kebul ɗin da tsumma, duk inda tsumman ya maƙale to akwai silin waya da ya tsinke, sai a auna taurin kebul da na'ura kamar yadda littafin kamfani ya faɗa, a duba tsatsa, a goge tsohon giris a sa sabo domin giris da ya haɗu da ƙura cin zaren sukuru yake a hankali. Sannan a kama farantin a girgiza a ga ko ya yi sako-sako, wannan kam ba abin wasa ba ne don iska na iya sa shi karkarwa har ya ɓalle. Abin da ya faru kenan a gasar tseren jirage ta Reno a Amurka ranar 16 ga Satumba 2011, notikan tirim na wani jirgi samfurin P-51 sun saki, jirgin ya faɗa kusa da 'yan kallo, mutum 11 suka rasu har da matuƙin.

Kuskuren da ya fi tayar da hankali shi ne haɗa kebul a juye bayan gyara. A Agustan 2003 wani jirgi samfurin Beech 1900D na kamfanin Colgan Air ya faɗa teku kusa da Cape Cod a Amurka, matuƙa biyu suka mutu, suna ta neman ɗaga hanci shi kuma yana ƙara yin ƙasa. Shi ya sa bayan an taɓa tirim mutum ɗaya zai zauna ciki ya juya wili, wani ya tsaya a jela ya gani da idon sa ina farantin ya nufa kafin a sa hannu a littafin jirgin.