Me ake nufi da juye faifan garmaho zuwa dijital?

A shagunan masu tura waƙa a waya na Sabon Gari da Tudun Wada, akan ji mutum ya ce a juye masa tsohon faifai a memori. Juye faifai zuwa dijital shi ne ɗauko sautin da ke kwance a jikin faifan a mayar da shi lambobin da kwamfuta ke adanawa. A faifan garmaho, sauti yana cikin siririn layi guda ɗaya da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Allura tana bin layin tana karkarwa, karkarwar ce ke fitowa murya. Ita kuwa kwamfuta auna sautin take yi tana rubutawa: sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya a ma'aunin faifan CD, masu adana kayan tarihi kuma sukan kai 96,000.

Faifan ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ake fara ɓarna. Tsofaffin, masu nauyi, masu juyi 78 a minti, da wani irin ƙaro na ƙwaro aka yi su. Suna faɗuwa sun tarwatse, kowane gefe kuma bai cika wuce minti uku zuwa biyar ba. Na roba sun zo daga baya: kamfanin Columbia na Amurka ya fito da mai juyi 33 da sulusi a 1948, RCA ya biyo da ƙaramin mai juyi 45 a 1949. Layin mai 78 ya fi faɗi, saboda haka allurarsa daban ce. Kuma kada a kusance shi da sifirit, narkar da shi yake yi.

Rabin aikin wanki ne. Faifan da ya shekara arba'in a saman kabad a cikin birnin Zazzau ya sha ƙurar hunturu, ta shige layin ta daskare. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji, da yawansa ƙura ce, ba tsufa ba. Ana wankewa da tataccen ruwa, ba na rijiya ba, da burushi mai laushi, ana bin layin a zagaye, ba a bari ruwa ya taɓa takardar tsakiya. A inuwa ake shanyawa, domin rana lanƙwasa na roba take yi. A tsaye kuma ake jera su, ba a gwama wani kan wani.

Sai na'urar da ke tsakanin garmaho da kwamfuta. Lokacin yanka faifai, da gangan ake rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa, bisa ma'aunin RIAA, wato ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, da aka tsayar a 1954, wannan na'ura ce ke mayar da komai mazauninsa. In babu ita, sai ka ji ganga ta koma kamar ana dukan gwangwani. Kara waya a bakin sifika kuwa ba juyewa ba ne, har kukan akuyar maƙwabta sai ya shiga.

Bayan ɗauka, manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, tana cire ƙarar tsaga da huci. A nan nake roƙon masu wannan sana'a su sassauta hannu. In aka matsa sai an share kowace ƙara, sai a tafi da zaƙin kukuma da muryoyin 'yan amshi, waƙa ta fito fes amma babu rai. Mamman Shata ya rasu a 1999. Abin da aka goge daga muryar irinsu babu mai sake rera shi. Don haka a fara ajiye ɗanyen kwafi a tsarin WAV ba tare da an taɓa shi ba, gyaran a yi shi a kan wani. MP3 na yawo a waya ne, domin zubar da wani ɓangare na sautin yake yi kafin ya ƙanƙance.

A ɗauki hoton takardar tsakiya gaba da baya, a rubuta sunan makaɗi da kamfani da lambar faifai, a ajiye kwafin wuri biyu, don memori na mutuwa ba sallama. Faifan kansa a mayar da shi sabuwar riga a adana, wanda ya fi kayan aiki zai iya sake ɗauka daga gare shi.