Tace Furofilin Ba Tare Da Ɓarnar Makamashi Ba: Tambayoyi Da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne ɗalibai da sababbin injiniyoyi suke ta maimaita mini. Na tara su wuri guda. Wanda ya sake aiko da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Mene ne furofilin?

Iskar gas ce, C3H6. Da shi ake yin robar PP, wadda ake saƙa buhun shinkafa da na taki da ita, da tabarmar roba irin ta masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano, da kujeru da bokitai da sirinji. Duniya tana samar da sama da tan miliyan 100 a shekara.

Shi ne gas ɗin girki?

A'a. Na girki furofen ne da butan. Furofen C3H8 ne. Ku daina ɗaukar su abu ɗaya. Sai dai a masana'anta a gauraye suke fitowa, kuma raba su yana cin makamashi sosai.

To me ya sa raba su yake cin wuta haka?

Domin kusan a wuri ɗaya suke tafasa. Furofilin yana tafasa a digiri 47.6 ƙasa da sifili, furofen kuma a 42.1 ƙasa da sifili. Tazarar ba ta kai digiri shida ba. Sheƙar hatsi tana da sauƙi ne saboda ƙaiƙayi ya fi ƙwaya rashin nauyi nesa ba kusa ba, amma nan kamar an ce ka raba gero da maiwa da iska ne. Shi ya sa hasumiyar da ake raba su a ciki ta hanyar tafasawa, furofilin ya fita ta sama, furofen ta gindi, take ɗauke da faranti hawa-hawa 150 zuwa 200, wani lokaci fiye, har a kan raba ta gida biyu saboda tsawo. Kuma duk kilo ɗaya da aka ɗiba a sama, sai an mayar da kilo 12 zuwa 20 cikin hasumiyar, an sake tafasa su. Nan wutar take tafiya. A 2016 David Sholl da Ryan Lively na Georgia Tech a Amurka sun ƙiyasta cewa tace etilin da furofilin kaɗai yana cin kashi 0.3 cikin ɗari na makamashin duniya, kusan abin da Singafo take sha a shekara.

Daga ina ake samunsa?

Daga sashen FCC na matatar mai, inda ake fasa mai mai nauyi, daga tanderun fasa nafta, wani mai mara nauyi da ake samu daga ɗanyen mai, ko ta cire haidirojin daga furofen a masana'antar PDH. A Sin har daga metanol ake yinsa. A Najeriya Indorama tana yin robar PP a Eleme, matatar Dangote da ke Lekki kuma ta fara nata a 2025.

Ashe ba gara a tace shi ƙal ba, kowa ya huta?

Wa ya ce maka? Matakin tsabtarsa uku ne: na matata, furofilin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, na harhaɗa sinadarai, kusan 92 zuwa 96, na yin roba, 99.5 zuwa sama. Idan mai saye sinadarin kumin ko akrilonitril zai haɗa da shi, na tsakiya ya wadatar da shi. In kuma yarjejeniya ta ce 99.5 kai kana fitar da 99.8 don tsoron kada oga ya yi faɗa, kyauta kake raba tururi. Wannan ɗan ƙarin na ƙarshe shi ne mafi tsada a duk hasumiyar. Ana yin haka ne galibi idan na'urar awo ta lalace, ma'aikata suka koma jiran sakamakon ɗakin gwaji, sai su ƙara wuta don su kwana lafiya. Ba laifinsu ba ne. A gyara musu na'urar.

Na karanta cewa tantani, wato siririyar matata mai barin gas ɗaya ya wuce ta tare ɗayan, zai maye gurbin hasumiya nan ba da jimawa ba. Gaskiya ne?

Kun faye son sabon abu. Bincike yana tafiya, ban musa ba: akwai tantani mai azurfa da ke jan furofilin ya bar furofen, akwai sinadarai masu ƙananan ƙofofi irin ZIF-8, da KAUST-7 da masu bincike a Saudiyya suka fito da shi a 2016, wanda ƙofofinsa suke barin furofilin ya shiga su hana furofen. Sai dai gas ɗin ɗakin gwaji tsaf yake, na matata kuwa yana zuwa da farar wuta da asetilin, waɗanda suke kashe azurfar. Tantanin roba kuma yakan kumbura idan matsi ya yi yawa, ya daina zaɓe. A yanzu dai mataimaki ne a gefen hasumiya, yana rage mata lodi.

Hasumiyarmu tana aiki da tururi. Mu sa mata kwamfiresa mai mayar da zafi, ko mu bar ta?

Yawwa, wannan ita ce tambaya. Amsarta kuma ba e ko a'a ba ce.

Ga yadda dabarar take. A tsohon tsari ana riƙe hasumiya a matsin bar 17 zuwa 20, domin ruwan sanyaya na yau da kullum ya iya mayar da iskar sama ruwa. Kana zuba zafi a gindi, kana zubar da kusan irinsa a sama. A tsarin kwamfiresa kuwa, iskar da ta fito sama ake matsawa har ta ɗara gindin zafi, sai a bi da ita ta tukunyar gindi, ita ce za ta tafasa shi. Da yake tsakanin sama da ƙasa bai wuce kusan digiri goma ba, matsawar kaɗan ce, wutar da kwamfiresa take ci kuma ƙaramin kaso ne na zafin da take juyawa. Ga wata riba: tun da ba ka dogara da ruwan sanyaya ba, kana iya sauke matsi zuwa wajen bar 10 ko ƙasa, inda gas ɗin biyu suka fi saurin rabuwa. Faranti ya ragu, abin mayarwa ya ragu. Shi ya sa sababbin masana'antun PDH da yawa haka ake gina su.

To amma fara tambayar kanka: zafin da kake amfani da shi yanzu, saye kake yi? Idan kana kusa da tanderun nafta, akwai ruwan da ake sanyaya gas ɗin tanderun da shi, yana fitowa da zafi wajen digiri 80, wanda dama sai an sanyaya shi. Shi ake bai wa tukunyar gindi a wurare da yawa. Wanda yake da wannan ya je ya sayi kwamfiresa, ya bar kyauta ya koma saye. Idan kuwa mai kake ƙonawa ka yi tururi, lissafin ya karkata ga kwamfiresa, amma fa ya danganta da kuɗin lantarki a wurinka, da ko lantarkin tsayayye ne. Kwamfiresa ɗaya ce. Ta tsaya, hasumiya ta tsaya, kuma hasumiya mai faranti 200 ba ta dawowa daidai cikin awa ɗaya ko biyu. Inda wuta take rawa, a yi tunanin juya ta da injin tururi.

Sannan hasumiyarku tsohuwa ce, an gina ta don matsi mai yawa. Ka sauke matsi, iska ta buɗe ta nemi fili, ƙila faɗin hasumiyar ya gaza, ruwa ya taru kan farantai ya ƙi sauka. Ƙila kuma raguwar abin mayarwa ta cike giɓin. Ban isa in faɗa maka daga nan ba, sai an zauna an yi lissafi da ainihin lambobinku. Wasu sukan bar matsin yadda yake su sa kwamfiresar a haka. Ribar ta ragu, amma ba a taɓa jikin hasumiya ba. Kada kuma a manta da ƙaramar na'urar sanyaya da za ta kwashe zafin da kwamfiresa ta ƙara, da hanyar ɗumama hasumiya ranar tayarwa, tun kafin a sami iskar matsawa. Sai ƙarfe: furofilin mai ruwa idan matsi ya zube farat ɗaya yana iya sauka har digiri 47 ƙasa da sifili, wanda ba kowane ƙarfe yake jurewa ba. A duba takardun ƙarfen.

Idan sabon gini ne, babu zafin banza a kusa, kuma wuta tsayayya ce, ni kwamfiresa zan zaɓa. Idan tsoho ne, kwantar da hankalinka, ba a makara ba, amma kada ka sa hannu a komai kafin lissafi.

Mun kai 99.5 amma masu roba sun ƙi karɓa. Me ya faru?

Guba. Katalis ɗin Ziegler da Natta, sinadarin da ke juya furofilin ya zama roba, ba ya shiri da ruwa, iskar oksijin, da gas irin su CO, COS mai farar wuta, arsin da fosfin, ko da 'yan ɗigo ne cikin miliyan, wasunsu ma cikin biliyan. Hasumiya ba ta cire COS da kyau, don yana tafasa dab da furofilin, sama yake binsa. Aikin wankin amin da soda ne, da gadajen tsotsewa, wato tukwane cike da sinadarin da ke tsotse gubar. Metilasetilin da furofadayin kuma, wasu gurɓatattun gas da ke bin furofilin, da haidirojin ake juya su kan faladiyom. Je ka duba yaushe rabon da a canja gadajenku.

Wutar da ke ci a saman bututu fa, akwai furofilin a ciki?

Sau da yawa akwai. A masana'antar PP ana hura naitirojin cikin garin robar don ya kore furofilin da ya maƙale, a da kuma sai a ƙone haɗin baki ɗaya. Nan ne tantani ya riga ya yi nasara tun shekarun 1990: a matsa gas ɗin, a sanyaya, a bi da shi ta tantani irin VaporSep na kamfanin MTR, furofilin ya koma aiki, naitirojin ma ya koma. Raba furofilin da naitirojin abu ne mai sauƙi, ba kamar furofen ba. Abin da ka riga ka kashe kuɗi ka tace, ƙona shi wauta ce.

Ni sabo ne, me zan fara dubawa gobe?

Samfurin gindin hasumiya. Duba nawa ne furofilin yake bin furofen zuwa tankin gas ɗin girki, ka kwatanta farashin tan ɗaya na kowanne, ka kai wa shugaban sashenku.