Matsayin Ƙungiyar Agaji a Dokar Najeriya da Hanyoyin Tara Kuɗi

A Najeriya, irin rajistar da ƙungiyar agaji ta yi ita ce ke fayyace wanda ya mallaki kuɗin da aka tara, da asusun da za su shiga, da ko za a biya musu haraji. Babbar dokar da ke tsara wannan ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka sa wa hannu a watan Agustan shekarar, kuma Hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ita ce ke aiwatar da ita.

Ƙungiyar da ba ta da rajista ba haramtacciya ba ce, domin sashe na 40 na Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya. Tana iya karɓar gudummawar mambobi, ta zagaya da kwano a masallaci ko coci. Sai dai doka ba ta san ta da sunanta ba. Ba za ta mallaki fili ko ta shigar da ƙara da sunanta ba, kuɗin kuma kan zauna a asusun ma'aji. Nan ne matsala ta fi tasowa: idan ma'aji ya rasu, kuɗin marayu na iya cuɗewa da dukiyar gado, kuma raba su sai da shaidu da rasit, abin da sau da yawa ba a ajiye ba.

Yawancin gidauniyoyi da masallatai da ƙungiyoyin ci gaban gari suna yin rajistar amintattu, wato mutanen da za su riƙe dukiyar ƙungiya a madadinta. Ana buƙatar amintattu aƙalla 2 da kundin tsarin ƙungiya, sannan a buga sanarwa a jaridu 2, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan takarda ta fito, ƙungiyar za ta iya ƙaddamar da asusun neman taimako a bainar jama'a, ta karɓi wasiyya da wakafi, ta sa hannu kan yarjejeniyar tallafi. Sashe na 838 ya ɗaure kuɗin da manufofin da ke cikin kundin, ya kuma hana raba riba ga mambobi. Wannan ya sa rubutun manufofi ba abin gaggawa ba ne: ƙungiyar da ta rubuta ilimi kaɗai, ta zo tana tara kuɗin gina asibiti, ta fita daga hurumin da ta yi wa kanta har sai ta gyara kundin a CAC.

Hanya ta biyu ita ce kamfanin da mambobi ke tsaya wa lamuni maimakon sayen hannun jari. Ana neman amincewar Babban Lauyan Tarayya, kuma jimillar lamunin ba za ta gaza naira 100,000 ba. Wannan tsari ya fi dacewa da ƙungiyar da ke son yin sana'a, kamar sayar da littattafai ko ba da hayar zauren taro, muddin ribar za ta koma aikin agaji.

Rajista ba ta nufin yafe haraji gaba ɗaya. Ƙa'idar ita ce gudummawa da tallafi ba su da haraji, amma ribar kasuwanci tana da shi, ko da marayu za a ciyar da ita. Ƙungiyar da ta zuba kuɗin haya da na sadaka a littafi ɗaya ta jawo wa kanta wahala, domin ranar bincike ba za ta iya nuna wanne ne wanne ba. Dole kuma ta sami lambar haraji, ta riƙa cire harajin albashin ma'aikatanta.

Akwai iyakokin da suka shafi kowace ƙungiya. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani ko ƙungiya mai rajista, sai ta banki. Attajirin da ya yi alkawarin miliyan 20 a taron ƙaddamarwa, to tura su zai yi, ba a jaka zai kawo ba. Bankuna kuma kan nemi takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin a fara amfani da asusu.

Sayar da tikitin ƙuri'a don cin kyauta caca ce a idon doka, takardar CAC ba ta halasta ta. A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar, kuma a jihohin da ke bin Shari'a, irin su Kano, caca laifi ce. Zakka ma tana da nata tsarin a wasu jihohi, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano.

Idan aka rushe ƙungiya mai rajista, abin da ya rage bayan biyan bashi ba a raba wa mambobi, ana miƙa shi ne ga wata ƙungiya mai irin manufarta.