Ku Daina Yi wa Gona Kuɗin Goro Wajen Zuba Taki

Duk shekara, da zarar masara ta kai gwiwa, kira yake fara shigo mini, kuma koken ɗaya ne: "Malam, na zuba taki yadda aka ce, amma wani gefen gonar ya yi kore shar, wani gefen ya yi rawaya ya tsaya cak." In na tambayi yadda aka zuba, amsar ba ta canzawa. An ƙirga buhu kaza ga hekta, an watsa daga wannan iyaka zuwa waccan, bai ɗaya. 'Yan'uwana manoma, wannan ɗabi'a ce take cinye muku riba, kuma wallahi na gaji da ganin ta.

Kwanan baya na shiga gonar wani dattijo, mutumin kirki wanda bai san lalaci ba. A tudun gonar na sa hannu na damƙo ƙasa, ta zube ta tsakanin yatsuna, rairayi zalla. Muka gangara taku ɗari, na sake damƙowa, ta dunƙule ta manne mini a tafi, laka ce mai riƙe ruwa. Na ce masa, "Baba, waɗannan ai gonaki biyu ne, suna kawai suka haɗa." Ya ce ya daɗe da sanin haka. To me ya sa aka ba su taki daidai wa daida? Ya yi shiru. Rairayin nan ba ya riƙe sinadarin naitirojin, ruwan sama mai ƙarfi ɗaya ya isa ya wanke shi ya wuce inda saiwa take kaiwa. Lakar kuwa ta riƙe nata har ya yi mata yawa, kara ya yi tsawo ya yi laushi, iska ta zo ta kwantar da shi. Asara sama, asara ƙasa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na naitirojin da ake zubawa hatsi yake amfana da shi. Buhu uku ka saya, biyu sun tafi a banza.

Akwai hanyar ganin abin da ke ƙarƙashin ƙafarku kafin ku kwance bakin buhu. Ana auna yadda ƙasa take barin lantarki ya ratsa ta, abin da masana suke taƙaitawa da EC. Laka da danshi da gishiri suna barin sa ya wuce sosai, busasshen rairayi kuwa kaɗan yake bari. Na'urar Veris, ƙirar Amurka, tarakta ce take jan ta, fayafayanta na ƙarfe suna tsaga ƙasa suna karanta zurfi biyu, santimita 30 da santimita 90. Akwai kuma EM38 ta kamfanin Geonics na Kanada, wadda ba ta buƙatar tsaga ƙasa, da maganaɗisu take aiki, mutum ma yana iya riƙe ta a hannu ya zaga gona, tana kaiwa zurfin mita ɗaya da rabi. Kowane awo ana haɗa shi da GPS, a ƙarshe a fito maka da taswira mai launi-launi, ka ga gonarka ta rabu shiyya uku ko huɗu. Abin da nake so da ita shi ne yanayin rairayi da laka ba ya sauyawa daga damina zuwa damina, don haka awo ɗaya mai kyau yana yi maka aiki shekaru.

Amma ku saurare ni da kyau a nan, domin a nan ne wasu suke sake faɗawa ramin da suka fito. Taswirar EC ba ta ce maka ga yawan takin da ke cikin ƙasa ba. Iyaka take nuna maka, inda ƙasa ta bambanta. Na ga wanda ya karɓi taswira, ya ga wuri mai lamba babba, ya ce nan ne ƙasa mai ƙarfi, ya ninka mata taki. Da na je, na tarar da farin ɓawo a saman kunya yana ƙyalli a rana, yabanya ta ƙone a bakin ganye. Gishiri ne ya ɗaga lambar. Shi kuwa takin zamani shi ma gishiri ne, ya ƙara wa wuta fetur da kuɗinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar nan, domin ɗan samfurin ƙasa da bai cika kofi biyu ba ya isa ya hana wannan ɓarna.

A gwajin ɗakin awo, ƙasar da ta haura 4 dS/m, wato ma'aunin da ake auna EC da shi, ana lissafa ta cikin masu gishiri. Masara tana fara rage amfani tun daga 1.7, shinkafa daga 3, alkama tana jurewa har 6, sha'ir har 8. Ka ga ke nan wani wurin ba taki yake nema ba, magudanar ruwa yake nema, ko a sauya masa abin shuka. Wani wurin tsami ne ya yi masa yawa, pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya faɗi ƙasa da 5.5, ƙasa ta ɗaure fosfaras ta hana saiwa ci. Ko buhu nawa ka tula a nan, sai ka fara gyara tsamin da farar ƙasa.

Na san abin da wasunku za su ce: wannan aikin masu manyan injina ne. Gaskiya ne akwai taraktar da ake loda wa taswira a kwamfutarta, tana tafe tana buɗe bakin mawatsin taki tana rage shi da kanta gwargwadon shiyyar da ta taka, haka ma yawan iri. Wanda Allah ya hore masa, madalla. Wanda bai da ita, turaku huɗu da igiya da ma'auni sun ishe shi. Ku haɗu a ƙungiya ku ɗauko mai awo sau ɗaya, kowa ya kafa alama a iyakokin shiyyoyinsa, ya zuba da hannu. Ban yarda rashin inji ya zama hujjar ci gaba da kuɗin goro ba. Na san wahalar da kuke sha kafin ku mallaki buhu ɗaya, shi ya sa nake jin zafin ganin an watsa shi a makance.

Ga abin da nake so ku yi kafin shuka:

- A yi awon EC lokacin da ƙasa take da danshi, kada a yi a kan ƙasar da ta bushe ƙamas.
- Kowace shiyya a ɗebi samfurinta daban, wurare 15 zuwa 20, zurfin santimita 20, a cakuɗa. Kada a haɗa na tudu da na kwari a leda ɗaya.
- A nemi sakamakon pH, gishiri, fosfaras da fotash.
- A rairayi a raba yuriya kashi biyu ko uku, kuma a rufe ta da ƙasa, in an bar ta a fili tana bin iska.
- Lokacin girbi a auna amfanin kowace shiyya daban a rubuta a littafi.

Na ƙarshen nan shi kuka fi mantawa. Ku riƙe littafin nan da kyau, ku zo da shi tare da taswirar idan za mu zauna tsara takin baɗi.