Dazuzzukan Duniya: Rabe-rabensu Bisa Yanayi da Tasirin Ɗan Adam a Kansu

A ma'aunin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, daji shi ne filin da ya wuce rabin hekta, mai itatuwan da ke iya haura mita 5, waɗanda rassansu suka rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari na filin, muddin ba gona ba ce kuma ba cikin gari ba. Da wannan ma'auni hukumar ta ƙidaya hekta biliyan 4.06 a rahotonta na 2020, wato kashi 31 cikin ɗari na busasshiyar ƙasar duniya. Fiye da rabin wannan yana hannun ƙasashe biyar: Rasha, Brazil, Kanada, Amurka da Sin.

Zafi da ruwan sama ne ke yanke irin dajin da zai tsiro a wuri. Bisa rahoton na 2020, kashi 45 cikin ɗari na dazuzzuka suna yankin zafi, kashi 27 a yankin tsananin sanyi na arewa, kashi 16 a yankin matsakaicin yanayi, kashi 11 kuma a yankin da ke maƙwabtaka da na zafi. Bambancin da ke tsakaninsu bai tsaya ga irin itatuwa ba. Kowane daji da inda yake ajiye arzikinsa: wani a jikin itatuwa, wani a cikin ƙasa, wani a saiwa. Wannan ne ke bayyana dalilin da ya sa gatari ko wuta ke kashe wani daji har abada, wani kuma ya farfaɗo cikin 'yan shekaru.

Kurmin yankin zafi

Kurmi yana samuwa ne a inda ruwan sama ke kai wa milimita 2,000 ko fiye a shekara, zafi kuma ba ya sauka sosai. Manyan sassansa uku ne: Amazon a Kudancin Amurka, kwarin kogin Kwango a tsakiyar Afirka, da tsibiran kudu maso gabashin Asiya irin su Borneo, Sumatra da Niyu Gini. Babu wani daji da ya kai shi yawan halittu. A Yasuni da ke Ekwado an ƙirga nau'in itace fiye da 600 a hekta guda, masana kuma sun ƙiyasta cewa Amazon gaba ɗaya na ɗauke da nau'in itace kusan 16,000.

Duk da wannan yalwa, ƙasar da kurmi ke tsaye a kanta yawanci ba ta da ƙarfi. Ganyen da ya faɗi yana ruɓewa nan da nan saboda zafi da danshi, saiwoyi su tsotse abincin kafin ruwa ya wanke shi. Arzikin yana jikin itatuwan ne. Manomin da ya sare kurmi ya ƙone shi yakan sami amfani mai kyau shekara biyu ko uku daga tokar, daga nan gona ta mutu. Har ma wani ɓangare na sinadarin fosfaras da Amazon ke samu ƙurar Sahara ce ke kai shi, iska ta ɗebo ta daga wurare irin su kwarin Bodele na Chadi ta tsallaka da ita tekun Atlantika. Kurmi kuma yana samar da wani kaso na ruwan samansa da kansa: itatuwa na fitar da tururi ta ganye, tururin ya zama gajimare, iska ta kora shi yamma da kudu har gonakin kudancin Brazil da Ajantina. Shi ya sa masana ke fargabar cewa idan saran ya kai wani mataki, ruwan zai ragu har sauran kurmin ya fara bushewa ko ba a taɓa shi ba.

A Amazon kiwon shanu ne babban mai cin daji, sai noman waken soya, haƙar zinariya da hanyoyin mota, musamman tun da gwamnatin sojan Brazil ta buɗe babbar hanyar da ta ratsa kurmin a 1972. Rikicin fili ya ci rayuka. Fitacce a cikin waɗanda aka kashe shi ne Chico Mendes, shugaban masu tatsar roba, wanda aka harbe a gidansa da ke Xapuri a watan Disamba na 1988. Hukumar binciken sararin samaniya ta Brazil, INPE, tana auna saran da tauraron ɗan adam, kuma alƙalumanta na nuna yadda siyasa ke juya shi: kusan murabba'in kilomita 27,800 a 2004, ya sauka zuwa kimanin 4,600 a 2012 bayan an tsananta sa ido an kuma daina sayen waken soyar da aka noma a sabon sara, ya koma sama da 13,000 a 2021 lokacin da aka sassauta, sannan ya sake faɗuwa ƙasa da 7,000 a 2024.

A Indonesiya da Malesiya babban mai cin daji kwakwar manja ce, itacen da asalinsa daga Afirka ta Yamma aka kai shi, yau kuma ƙasashen biyu ke fitar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na manjan duniya. Mafi munin ɓarnar tana faruwa ne a fadamun da ruɓaɓɓen ganye ya taru a cikin ruwa na dubban shekaru har ya yi kauri mita da yawa. Idan aka janye ruwan don a shuka kwakwa, ƙasar kanta takan kama da wuta ta yi ta ci a ƙarƙashi. A 2015 gobara ta cinye hekta miliyan 2.6 a Indonesiya, hayaƙi ya turnuƙe Singafo da Malesiya. Irin wannan fadama tana nan a tsakiyar Kwango, inda binciken da aka bayyana a 2017 ya nuna tana riƙe da kabon, sinadarin da ke ƙara ɗumamar duniya idan ya fita cikin iska, kusan tan biliyan 30. A can ƙananan gonaki da gawayi ne suka fi cin daji, ba manyan kamfanoni ba. Kurmin Afirka ta Yamma kuwa mafi yawansa ya ƙare a Kodebuwa da Gana, noman koko na cikin manyan dalilai. Abin da ya rage mai girma a Najeriya yana Kuros Riba, kan iyakar Kamaru, mazaunin wani nau'in goggon biri da bai wuce 'yan ɗaruruwa ba a duniya.

Busassun dazuzzuka

Ba a cika maganarsu ba, alhali su ne suka fi kusa da rayuwar talaka. Suna yankin zafi, amma inda rani ke ɗaukar watanni da yawa, don haka itatuwansu ke zubar da ganye su jira damina. Mafi girma a Afirka shi ne miyombo, mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 2.7 daga Angola zuwa Zambiya, Tanzaniya da Mozambik, wanda gawayin biranen Lusaka da Darussalam ke fitowa daga cikinsa. A Afirka ta Yamma dajin ƙasar Hausa da kudancinta na cikin wannan rukuni: marke, kaɗanya, ɗorawa, tsamiya, kuka, maɗaci, sai bagaruwa da aduwa idan aka nausa arewa.

Itacen girki, gawayi, faɗaɗa gonaki da kiwo su ne matsin da aka saba da shi. Wani kuma daga nesa yake zuwa. Kasuwar kayan ɗaki ta Sin ta sa aka yi wa madobiya dirar mikiya daga Gambiya da Senegal har zuwa Taraba, itacen da makiyaya ke dogara da ganyensa a ƙarshen rani. A 2016 aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu, amma fasa-ƙwauri bai tsaya ba.

Ƙarfin wannan daji yana ƙarƙashin ƙasa. Itacen da ya saba da fari da gobara yakan zurfafa saiwa, kuma ko an sare shi kututturen na nan da rai. A kan wannan aka gina sassabin zamani a jihar Maraɗi bayan farin shekarun 1970 da na 1984. Tony Rinaudo, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, ya lura a 1983 cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sharewa kowace shekara tohon tsofaffin itatuwa ne. Sai aka fara barin reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, ana datse sauran. Abin ya yaɗu daga manomi zuwa manomi, musamman da ma'aikatan gandun daji suka daina ɗaukar kowane itace a matsayin na gwamnati, manomi ya tabbata abin da ya kula da shi nasa ne. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo ya fi yawa a wurare da dama, saboda yana zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, ga taki ga abincin dabbobi. Idan aka kwatanta da dashen da aka yi ta yi a ƙarƙashin shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, inda dashe da yawa ya mutu, aikin manoman Nijar ya fi arha kuma ya fi ɗorewa.

Dajin bakin teku

Mangurob, wato itacen dajin bakin teku, yana tsirowa a lakar da ruwan gishiri da na kogi ke haɗuwa. Kifi da jatan lande suna hayayyafa a cikin saiwoyinsa, yana kuma karya ƙarfin igiyar ruwa idan guguwa ta taso, kamar yadda dajin Sundarbans ke yi wa Bangaladash da Indiya. A Asiya tafkunan kiwon jatan lande ne suka cinye shi. A yankin Neja Dalta, inda mafi girmansa a Afirka yake, malalar ɗanyen mai ce ke kashe shi, kamar yadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya nuna a 2011.

Yankin matsakaicin yanayi

Nan ne Turai, gabashin Amurka ta Arewa, arewacin Sin, Koriya da Japan. Itatuwa masu faɗin ganye suna zubar da shi kafin sanyi, ganyen ya ruɓe a hankali ya zama baƙar ƙasa mai ƙarfi. Kyawun ƙasar shi ya ja wa dajin: tun ɗaruruwan shekaru aka sare shi aka yi gonaki, aka sassaƙa jiragen ruwa, aka narka ƙarfe da gawayinsa. A farkon ƙarni na 20 daji bai wuce kashi 5 cikin ɗari na Birtaniya ba, abin da ya sa aka kafa hukumar gandun daji a 1919. Yanzu ya kai kusan kashi 13. Tsohon dajin da ya tsira a filayen Turai kaɗan ne, mafi shahara shi ne Bialowieza, tsakanin Poland da Belarus. Ƙarancin katako ne ma ya sa Hans Carl von Carlowitz, jami'in ma'adinai a Saksoni ta Jamus, ya rubuta a 1713 cewa kada a sari fiye da abin da daji zai iya mayarwa, ƙa'idar da aikin gandun daji na zamani ya ginu a kanta.

Yau dajin wannan yanki ƙaruwa yake yi, domin an bar gonakin da ba su da riba, Sin kuma ta fara biyan manoma su mayar da gangaren tuddai daji a 1999, bayan ambaliyar kogin Yangtze ta 1998. Matsalolinsa sun canza kama. Ciniki tsakanin nahiyoyi na kawo cututtuka: wani naman gwari da ya shigo daga Asiya, aka fara ganinsa a New York a 1904, ya kashe itatuwan cesnat na Amurka fiye da biliyan 3 cikin rabin ƙarni. Hayaƙin masana'antu ya haifar da ruwan sama mai guba da ya ƙona dazuzzukan Jamus da Cekoslobakiya a shekarun 1980, kafin a rage shi da doka. A Fotigal gandun itacen turare da aka dasa don takarda yana rura gobara, kuma ta Pedrogao Grande a 2017 ta kashe mutum 66.

Taiga

Dajin sanyi, wato taiga, ya kewaye arewacin duniya daga Alaska da Kanada zuwa Suwidin, Finlan da Saberiya. Nau'in itacensa kaɗan ne, yawanci masu ganye siriri kamar allura, kuma lokacin girmansu bai wuce wata uku ko huɗu ba. A gabashin Saberiya sanyi kan kai digiri 50 ƙasa da sifili. Saboda sanyin, abin da ya faɗi ba ya ruɓewa, don haka mafi yawan kabon ɗin taiga yana cikin ƙasa da fadamu, wani ma a ƙasar da ta daskare shekara da shekaru.

Gobara ba baƙuwa ba ce a nan, akwai ma itatuwan da 'ya'yansu ba sa buɗewa sai wuta ta taɓa su. Abin da ya canza shi ne yawanta da zurfinta, domin yankin na ɗumama fiye da sauran duniya. A 2023 gobara ta ci kusan hekta miliyan 15 a Kanada, fiye da ninki biyu na mafi munin shekarar da aka taɓa gani, hayaƙinta ya rufe New York a watan Yuni. Sanyin da a da ke kashe ƙwaron ɓawon itace ya ragu, ƙwaron ya lalata fiye da hekta miliyan 18 a lardin British Columbia. A Suwidin da Finlan kuwa masana'antar katako da takarda ta mayar da mafi yawan dajin gandu mai itatuwa sa'annin juna, makiyayan barewa na ƙabilar Sami suna kukan ƙarancin gansakukar da dabbobinsu ke ci da sanyi, wadda ta fi samuwa a tsohon daji.

Lissafin asara

FAO ta ce an rasa hekta miliyan 420 tsakanin 1990 da 2020. Saran ya ragu daga hekta miliyan 16 a shekara a shekarun 1990 zuwa miliyan 10 tsakanin 2015 da 2020, kuma noma da kiwo ne sanadin kusan kashi 90 cikin ɗari. Daga 2010 zuwa 2020 Afirka ce kan gaba da asarar hekta miliyan 3.9 a shekara, Kudancin Amurka na bi da miliyan 2.6. Sai dai lissafin na da gurbi: gandun itace iri ɗaya da aka dasa jiya ana ƙidaya shi daidai da kurmin da ya shekara dubbai, don haka ƙaruwar da ake gani a Turai da Asiya ba ta cike abin da aka rasa a yankin zafi. A lissafin 2020, abin da ya saura na dajin da hannun ɗan adam bai sauya ba hekta biliyan 1.11 ne.

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, ƙasashe fiye da 140 sun yi alkawarin dakatar da asarar daji kafin 2030. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2023 da ta hana shigo da naman shanu, koko, kofi, manja, roba, soya da katakon da aka samar a filin da aka sare bayan ƙarshen 2020, amma an ɗage fara aiki da ita bayan ƙorafin 'yan kasuwa da na ƙasashen da ke noma waɗannan kaya.